Kawuna da Ya Danne Babana a Bakin Rijiya

Daga Allah muke, wurinSa kuma kowa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa na Matameye wata Laraba da sassafe, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙarshen damina. Ya tsufa, ya ga jikoki, ya yi kalmar shahada da bakinsa. Saboda haka ba a yi kururuwa ba. Mata suka yi kukansu a hankali a cikin gida, mu maza muka shimfiɗa tabarmi a ƙofa.

Waɗanda suka fara isowa ba dangi ba ne. Matan da ke sharar kasuwa ne, labarin ya same su a bakin aiki, suka taho da tsintsiyoyinsu. Suka jingine su a jikin bango, suka cire takalma. Babbarsu, wata tsohuwa da ta fara aiki a ƙarƙashin Kawu tun tana goyo, ta tsaya a zaure ta dube ni.

"Shef ya tafi ke nan?"

Na ce mata ya tafi.

"To, Allah ya jiƙansa. Yau kuma wa zai dube mu a ƙafa?" Ta ɗaga ƙafarta guda ta nuna mini, kamar ni ne mai dubawa, sannan ta wuce ciki.

Bayansu mahauta suka zo, sai masu kwashe bola da amalanken jaki, sai ma'aikatan ofis da manyan riguna. Wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda duk unguwa ta san ya taɓa yin rigima da Kawu, ya zauna kusa da ni ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya ce, "Kawunka mutum ne mai taurin kai, wallahi. Amma da za a ba ni irinsa in ɗora a kan yarana na sito, da na karɓa hannu biyu." Wani kuma daga gefe ya ce, "Mai fitila ya tafi." Aka yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi a wurin makoki a ɓoye shi cikin gemu.

Sai dai duk wanda ya gama gaisuwa ya zauna, zan ga ya waiga bakin layi. Kowa ya san wanda ake dubawa. Babana, mijin ƙanwar mamacin, bai taɓa taka ƙofar gidan nan ba tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa ce wa Kawu ko sannu ba a tsawon rayuwata. Gidajen biyu ba su da nisa. In aka yi kiran salla a masallacin unguwarsu, a tsakar gidanmu muke ji.

Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakin matar Kawu, idanunta sun kumbura.

"Babanku ya ji?"

"Ya ji, Inna. Ni na faɗa mishi."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya jiƙan musulmi."

"Musulmi," in ji ta. Ta gyara lulluɓinta. "In an sa Yaya a ƙasa bai zo ba, shi ke nan, da wannan zan mutu ni ma."

Na koma waje.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne jikokin Kawu. Su dai sun san wani tsoho mai faɗa in ya ga yaro ba takalmi. Nan da 'yan shekaru ko wannan ɗin za su manta. Ni tela ne, ba marubuci ba, rabin shekara ma a Kano nake yin ta wurin cin rani, amma na zauna da Kawu fiye da 'ya'yan cikinsa, kuma na ji labarinsa daga bakin waɗanda suke sonsa da wanda ba ya son jin sunansa.

Kawu ya yi aikinsa a ma'aikatar magajin gari, wadda muke ce wa meri, a sashen tsafta. Ya fara tun kafin a soma zaɓen magajin gari, ya ga shugabanni sun zo sun wuce. Tsofaffi na ce masa duba-gari, ma'aikatansa na ce masa Shef, wato shugaba. A hannunsa masu shara suke, da masu kwashe bola, da masu yashe magudanar ruwa kafin damina, da masu wanke mayanka, da waɗanda ake ɗauka lokaci-lokaci don yasar rijiyoyin jama'a da masan kasuwa. A takarda, aikinsa tsaftar gari ne. Shi kuwa ya ɗauka cewa rabin aikin shi ne mutanen da ke tsaftace garin su koma gida lafiya. Yakan ce, "Kowa ya fito da yatsu goma ya koma da goma. Ba na son ragi."

In ka gaishe shi, ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka. Wannan ɗabi'a ta bi shi har masallaci, har gidan biki. Da na buɗe shagon ɗinki ya zo sa albarka, bai dubi keke ba, bai dubi yadudduka ba. Wayar wuta ya gani kwance a ƙasa kusa da buta, ya ce ba zai yi addu'a ba sai an ɗaga ta. Liman na tsaye, cincin na jira, ni kuwa ina kan kujera ina kafa ƙusa.

Akwai labarin takalma, wanda tsohuwar nan mai shara ta fi kowa iya bayarwa. Karon farko da aka kawo wa ma'aikata dogayen takalman roba da safar hannu, Kawu ya raba su sababbi fil, suna ƙyalli, yana ta murna. Washegari kowa ya zo aiki da silifa kamar kullum. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wani ya ajiye nasa ƙarƙashin gado sai ranar Salla. Wani ya ba ɗansa da zai tafi cin rani, don kada yaro ya shiga birni a wulaƙance. Ita tsohuwar, da bakinta, ta ce ta ninke safar ta sa a cikin kwalla tare da zannuwanta na fita, domin abu mai kyau haka ba a taɓa shara da shi.

Kawu bai yi faɗa ba. Da aka sake kawo wasu, sai ya sa aka ɗebo masa taɓon kwata a daro. Duk takalmin da zai miƙa sai ya tsoma shi ciki, ya juya, sannan ya sa reza ya ɗan tsaga bakinsa na sama. Ma'aikata suna kallo kamar za su yi kuka. Ya ce musu, "Na gane ku. Abin da ya yi kyau ba ya zuwa aiki a garin nan." Tun daga ranar aka fara ganin takalma a ƙafa.

Haka ya ɗaure sabulu da zare a jikin randar da ke bayan ofis, ya ce ba mai taɓa tuwo sai ya bi ta wurinsa. Haka ya sa ake yayyafa ruwa kafin a share rumfunan kasuwa, lokacin da tari ya kama tsohuwar nan ya ƙi sakinta. A watannin da ta yi tana jinya, shi da kansa yake ɗaukar tsintsiya ya share layinta kafin ya shiga ofis, don kada a ce wurinta ya zauna ba kowa a ba wani. Bai taɓa faɗa mana ba. Ita ta faɗa, ranar makoki, tana share hanci da bakin zane.

Amma abin da aka fi saninsa da shi fitila ne da igiya. Dokarsa ita ce ba mai shiga rami, rijiya ce ko masai, sai an kunna fitilar ƙwai an sa a guga an zura ta har ƙasa. In ta ci gaba da ci, to akwai abin shaƙa a ciki. In ta mutu, mutum ma zai mutu, sai a ɗaure rassan dogon yaro masu ganye a yi ta zurawa ana jawowa, ana yi wa ramin fifita, har fitila ta yarda ta zauna. Kuma ko ta zauna, mai shiga sai ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe da ita a sama. Yana da wata doka ta uku da yake maimaitawa har a gaji da ji: in wani ya faɗi a ciki, ba mai bin sa sai an sake zura fitila.

Wani daga cikin ma'aikatan ya taɓa ce masa, "Shef, ai mutum ba ya mutuwa sai kwanansa ya ƙare."

Kawu ya ce, "Gaskiyarka. Amma ni ba a nuna mini ranar kowa ba. Igiya aka ba ni."

A kan wannan suka yi da Alhajin hatsi. Ana saura kwana kaɗan bikin 'yarsa masan gidansa ya cika, ya nemi ma'aikatan meri. Aka zura fitila ta mutu, aka sake ta mutu. Kawu ya ce a buɗe bakin ramin a bar shi ya sha iska, sai gobe. Alhaji ya ce baƙi na tafe daga Damagaram, ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya ce zai kai ƙara sama. Kawu ya ce masa, "Alhaji, in kana sauri ga igiya nan, mu za mu riƙe maka." Ya tattara mutanensa suka tafi. Aka yi biki da tabarma a rufe a kan ramin da turaren wuta a kowace kusurwa. Alhaji ya shekara ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya huce.

Wanda bai huce ba shi ne Baba.

Abin da zan faɗa yanzu ban gani ba, ina cikin Inna a lokacin. Na haɗa shi ne daga bakinta da bakin wani dattijo da ya riƙe guga a ranar. Gidanmu gidan masu yasar rijiya ne tun kakanni. Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami ko da yake ba mu san shi ba, su biyu suka gaji sana'ar, kuma a lambunan rake na yankin nan babu wanda bai san su ba. Da Baba ya auri Inna, sai Kawu ya riƙa kiran su in meri na da aikin rijiya. A gidanmu kuwa ana ganin abin da ke kashe mutum a rijiya mutanen ɓoye ne, kuma akwai layar da ake ɗaurawa a damtse dominsu. Ana sauka ne da hannu da ƙafa, ana taka ramukan da ke jikin gini. Ɗaura igiya a ƙugu abin kunya ne a wurinsu, akuya ake ɗaurewa, sai kuma gawa in za a fito da ita. Suna yi wa Kawu biyayya in yana tsaye, don surukinsu ne kuma shi ke ba da aiki. In ya juya baya sai su kwance.

Ranar, wata tsohuwar rijiya ce a wani ƙauye kan hanyar Tsauni, an daɗe da rufe bakinta da itace, mutanen ƙauyen suna so a farfaɗo da ita. Kawu da Baba da ƙanensa suka isa da hantsi. Baƙo ba ya fara aiki a ƙauye bai gaida mai gari ba, don haka Kawu ya ce su jira shi a inuwa, ya shiga zaure. Mai gari ya sa aka kawo fura, kuma ba a tashi a bar furar mai gari. Ana cikin gaishe-gaishe rana ta fara zafi. Baba Ƙarami ya ce bari ya leƙa ya ga yawan laka kafin Shef ya fito, ya tuɓe riga, ya shafa layarsa, ya sauka. Fitila na nan a cikin buhu ba a kunna ba.

Dattijon ya ce sun ji Baba Ƙarami ya kira sunan yayansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Daga nan sai ƙarar faɗuwa a cikin laka.

Ihun mutane ne ya fito da Kawu. Ya taho a guje ba takalmi, shi da ke yi wa kowa faɗan takalmi. Ya tarar Baba ya jefar da riga, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga bakin rijiya. Kawu ƙato ne a lokacin. Ya rungumo shi ta baya, suka faɗi tare, ya hau kansa ya danne. Baba na kiran ƙanensa, yana zagi, yana roƙo da sunan Allah da Annabi. Ya kama damtsen Kawu da haƙora har jini ya zuba. Kawu bai sake shi ba. Daga inda yake a kan Baba yake ba da umarni: a kunna fitila, a zura. Aka zura, ba ta kai rabi ba ta mutu. Aka saro rassa aka yi ta fifita, aka sake zurawa, ta sake mutuwa. Duk wannan lokacin Baba na ƙasa, ƙanensa na cikin rami, ba motsi.

Da fitila ta zauna, Kawu ya sa maza suka riƙe Baba, ya ɗaura igiya a ƙugunsa shi da kansa, ya sauka. Shi ya ɗauro Baba Ƙarami aka jawo. Rai ya riga ya yi halinsa.

Baba ya zauna a ƙasa kusa da gawar, ya ce, "Da ka sake ni, da na fito da shi."

Kawu ya ce, "Da na sake ka, da gawa biyu zan kai gida, ɗaya ta mijin ƙanwata."

"Ya kira ni. Kana ji ya kira ni, ka hana ni amsawa." Sannan Baba ya ce, "Daga yau ba ni ba kai."

Ya kuwa cika maganarsa. Mutane suna tsammani zafin rashi ne, zai wuce bayan sadakar arba'in. Liman ya sa baki, dattawan unguwa suka sa, kakata ta wurin uwa ta je har gida ta yi kuka. Baba ya saurari kowa da ladabi, ya raka su ƙofa. Bai hana Inna zuwa gidan yayanta ba, bai hana mu ba, bai taɓa zagin Kawu a gabanmu ba. Sunansa ne kawai ba ya fita daga bakinsa. In dole ta kama sai ya ce "mutanen gidanku". A garin da kowa ke karo da kowa a kasuwa, mutanen nan biyu suka ƙware wajen kauce wa juna. In an haɗu a jana'iza, ɗaya na wannan gefen sahu, ɗaya na wancan. Inna ce ke tsakiya. Da Salla takan dafa abinci ta zuba kwano biyu, ta ɗauki ɗaya da kanta ta kai, ta dawo ba wanda ya tambaye ta yaya ta same su.

Da aka haife ni aka sa mini sunan Baba Ƙarami. Saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, "kai" yake ce mini, ko "tela" da na girma. Kawu kuwa da ƙarfi yake kiran sunan, tun daga bakin layi.

Wani abu da na lura da shi tun ina bin Baba lambuna: bai ƙara karɓar aikin meri ba, amma ba a taɓa shiga rijiya a gabansa ba a zura fitila ba, kuma duk wanda zai sauka sai ya ɗaura masa igiya a ƙugu da hannunsa, ya ja ƙullin ya gwada. Na taɓa tambayarsa amfanin fitilar, ina sane. Ya ce don a ga zurfin laka ne. Na kai wa Kawu wannan magana, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ƙyale shi. Ko don ganin aljanu yake zurawa, ya dai zura."

Ni ban taɓa yanke hukunci a tsakaninsu ba, kuma ba zan yi a nan ba. Na san dai na tashi da uba. Na kuma san uban nawa, in ya zauna shi kaɗai yana tufkar igiya, wani lokaci yakan tsaya ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina jin tausayin kowannensu.

Da ciwo ya yi tsanani, Kawu ya yi abin da ake yi. Ya kira matarsa da 'ya'yansa ya nemi gafara. Ya aike ni gidan Alhajin hatsi, da wurin mahauta, da wurin matan shara, in ce Shef na roƙon a yafe masa faɗan da ya yi. Na yi yawon nan a kan babur har ƙafata ta gaji da birki. Da na dawo Inna na zaune a gefen gadonsa, ta kama hannunsa.

"Yaya, saura mutum ɗaya."

"Na sani."

"Don Allah ka aika. Kalma ɗaya ce. Ka ce ya yafe maka."

Ya dubi rufin ɗaki. Sannan ya juyo gare ni. "Ka ce mishi ina gaishe shi. Ka ce ban manta da yaron nan ba ko rana ɗaya, da ban tsaya shan fura ba da yana raye. Wannan na roƙi Allah a kai." Ya numfasa. "Amma dannewar da na yi mishi, kada ka ce na ce ya yafe. In na nemi gafararta, na ce kuskure ce ke nan. In aka maimaita yau, sai na sake danne shi."

Inna ta saki hannunsa ta fita tana kuka. Ni na kai saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Baba na zaune a zaure da kaba a hannu. Ya ji har ƙarshe, ya ci gaba da tufka. Wannan ya faru ana saura 'yan kwanaki Kawu ya cika.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Jikin nan da ake ba da labarin girmansa ya zama ba nauyi. A damtsensa na dama tabon na nan, zagayayye, ana iya ƙirga haƙoran.

Aka fito da shi, aka yi salla a ƙofar gida. Na duba sahu daga wannan gefe zuwa wancan, Baba ba ya ciki. Liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka amsa. Na ji kunya, na kuma ji haushi, na yi tunanin abin da zan faɗa wa Inna. Muka ɗauki makara muka nufi maƙabarta, ana karɓa-karɓa.

Tun daga nesa na ga masu haƙa kabari suna tsaye a gefe, hannuwansu a bayansu, ba ƙasa a jikinsu. Wani ne a cikin ramin, kansa da kafaɗunsa kaɗai ake gani, furfura ta yi ja da ƙasa. Da muka matso ya ɗago. Ashe tun da na faɗa masa da safe ya ɗauki magirbinsa da shebur ya taho nan, ya ce wa masu haƙa su huta. Ya yi salla a bakin ramin shi kaɗai da ya ji kabbararmu daga cikin gari, in ji su. Kabarin ya fita sumul, bangonsa a miƙe, irin aikin wanda ya ƙare rayuwarsa a cikin rami.

Aka sauke makara. Babban ɗan Kawu ya tuɓe takalmi ya matso. "Baba, sannu da aiki. Fito mu shiga."

Baba bai motsa ba. "Ku miƙo mini shi."

"Baba, ai ka gaji, bari mu..."

"Shi ya fito mini da nawa daga rami," in ji Baba. "Ni zan sa shi a nasa. Yau kam bai isa ya hana ni shiga ba."

Muka miƙa, ya karɓi wajen kai, babban ɗan ya shiga ya karɓi wajen ƙafa. Suka kwantar da shi yana fuskantar gabas. Kafin ya miƙe, na ga Baba ya zura hannu ta ƙarƙashi ya dafa damtsen nan ta kan likkafani, ya ɗan jima a haka, bakinsa na motsi. Ban ji abin da ya ce ba. Da zai fito gwiwa ta ƙi, sai da na kama hannunsa na jawo shi. Aka jera itace, aka liƙe da laka, aka tura ƙasa.

Allah ya haskaka wa Kawu kabarinsa, ya yalwata masa shi, ya sa kowane yatsa da kowace ƙafa da ya tsare su tsaya masa shaida ranar da ba mai tsare wani.

A hanyar komowa na zaci Baba zai karkata ya nufi gida, don nan ne mararrabar da ya saba kaucewa. Sai ya miƙe tare da jama'a. A ƙofar gidan Kawu tabarmi biyu ne, ɗaya ta masu zuwa gaisuwa, ɗaya a jikin bango ta masu karɓa, inda 'ya'ya da ƙannen mamaci ke zama. Baba ya cire takalmi, ya tsallake ta farko, ya zauna a jikin bango, da ƙasar kabari har gwiwar hannu. Aka matsa masa.

Mutane suka rasa yadda za su yi da shi. Tsohuwar nan mai shara ce ta fito daga cikin gida za ta ɗauki tsintsiyarta, ta gan shi, ta tsaya. Sai ta durƙusa a gabansa.

"Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Baba. "Allah ya jiƙan Yaya."

A bayan labulen zaure na ji Inna ta ce amin.